Ɗan Fari Ke Sa Hannu

Tun da Inna ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa duban tsakiyar idona ta yi mini magana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Argungu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, taku goma tsakaninsa da ɗakin Inna. In Inna na son in ci abinci, sai ta ajiye kwano kusa da murhun da take bandar kifi, ta ce wa iska a gaya wa wancan tuwo na hucewa. In na yi laifi ƙyauren ɗaki take yi wa faɗa, ni kuma in tsaya a bayansa in sha nawa. Da na samu aikin gwamnati a Birnin Kebbi sai aka yi mini ƙarin girma, na tashi daga wancan na koma mutumin Birni. Ban taɓa jin haushin abin ba. Na san kifin da ya fi kowanne maiƙo ni ake ɓoye wa a ƙasan kwando, na kuma san ba aljanu ke ɓoye shi ba.

Na fara da wannan ne saboda abokan aikina. Yanzu a ofis, da an ji sanarwa a rediyo cewa za a yi taron jin ra'ayin jama'a a kan marasa lafiyar da likita ya ce sai dai addu'a, ni ake juyowa a kalla ana murmushi. Wani ya ce na mai da mutuwa sana'a, wani ya ce ko takara zan tsaya a maƙabarta. Ba na tanka musu, don amsar ta fi ƙarfin hirar bakin tebur. Kuma suna da gaskiyarsu, domin ni ma da can ba wanda ya fi ni raina taro. Shekara ashirin ina rubuta bayanan taro a ma'aikatarmu, na san yadda ake ɗaukar maganar mutum mai zafi a wanke ta tas, a ajiye a fayil ta yi barci.

Da damina ciwon Inna ya tashi. Ƙanwata, autarmu, wadda ke aure a unguwarmu can Argungu, ita ta kira ni ta ce cikin Inna ya kumbura, idonta ya yi ɗorawa, ba ta iya riƙe ko kunu. Na je na ɗauko su a motata zuwa asibitin Birni. Inna ta zauna a baya, ta juya fuska wajen taga, duk tsawon hanya ba ta ce uffan ba sai da muka zo fadamar Zauro, ta ce wa ƙanwata shinkafar bana ta yi kyau.

Bayan gwaje-gwaje na kwana biyar likita ya fito ya tambaya wane ne babba a cikin 'ya'yanta. Na ce ni ne. Ya shigar da ni ofishinsa ya rufe ƙofa, ƙanwata na tsaye a waje. Ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, aiki ba zai yi ba, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. Yaro ne mai ladabi, har ya cire tabarau yana gaya mini. Sai ya turo mini takarda. An rubuta cewa ni ne wanda za a riƙa nema a kan duk abin da ya shafe ta, kuma na yarda a ci gaba da riƙe ta a asibiti. Na sa hannu ban ko gama karantawa ba. Na roƙe shi kada a gaya mata sunan ciwon, ya ce wannan ya rage namu.

Ban yi tunanin komai ba a lokacin. Wa zai sa hannu in ba ni ba? Ni ne namiji, ni ne babba, ni ne mai biro a aljihu. Abin da bai faɗo mini a rai ba shi ne, a duk duniya ba mutumin da Inna ba za ta iya gaya wa abin da ke ranta ba kamar ni.

Haka muka yi mako uku. Kullum in na tashi daga aiki sai in biya ta ɗakin mata, in tsaya a ƙafar gado in yi gaisuwa. Inna ta ja zane ta rufe ƙafafunta, ta amsa wa bango cewa da sauƙi. Ni kuma in fita in samu likita, mu tattauna a kanta kamar muna duba filin da za a saya. Ƙanwata ce ke kwana a tabarma ƙarƙashin gadon, ita ke juya ta, ita ke kai ta bayi, ita ke jin duk abin da take faɗi. Amma ko sau ɗaya ba wanda ya tambaye ta komai, sai dai a ce ta kira yayanta.

Tun a mako na farko ƙanwata ta tare ni a baranda ta ce Inna na son a mai da ta gida. Na daka mata tsawa. Na ce mace na da ɗa mai gida a unguwar Gesse da mota a ƙofa, a ce an kwashe ta daga gadon asibiti an kai ta ɗakin ƙasa ta mutu? Me mutanen Argungu za su ce da ni? Wallahi abin da na faɗa ke nan, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ba Inna nake tunani ba, bakin mutane nake tunani.

Ƙanwata ba ta daina ba. Kowace rana da abin da za ta kawo mini. Ta ce Inna ta san ciwon ba na tashi ba ne, ba sai an gaya mata ba, ta ga yadda nas-nas suka daina yi mata faɗa. Ta ce likkafaninta na nan a ƙasan akwatinta na ƙarfe, tun shekarar da ta je Makka ta wanke shi da zamzam ta ninke. Ta ce akwai tsohuwar maƙwabciyarmu, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, sun yi alkawari duk wadda ta riga ɗayar ce za ta rufe mata ido ta yi mata wanka. Ta ce Inna na son ta ji kiran sallar masallacin unguwa, na ladanin nan mai shaƙaƙƙiyar murya da muke yi wa dariya muna yara. Ni dai ina ta cewa a bari ta ɗan ji ƙarfi tukuna.

Ranar da ƙanwata ta gaji, a gaban mutane ta faɗa mini, ba ta ko rage murya ba.

"Yaya, kai ka sa hannu, amma ni taka hwaɗa ma abin da taka so. Na je wurin likita sau ukku, shina ce man in kira ka. Kai kuwa ba ta iya ce maka komi. To wa za ya ji ta?"

Na shiga mota na zauna, na kasa tayar da ita.

Washegari na sauke girman kai na je wurin likita na ce zan kai ta gida. A nan na gane ashe ba taurin kaina kaɗai ke tsare da Inna ba. Akwai wani maganin ruwa mai ƙarfi da ake ɗura mata a baki bayan 'yan sa'o'i, shi ne ke sa ta runtsa. Likita ya ce wannan maganin a kulle yake, ana rubuta duk cokalin da ya fita, saboda 'yan shaye-shaye, kuma tsarinsu bai ba shi ikon ba ni shi in tafi da shi gida ba. In na nace zan tafi da ita, akwai wata takardar da zan sa wa hannu cewa ni na fitar da ita da kaina. Zai rubuta mini ƙwayoyi, amma bai ɓoye mini ba, ba za su yi mata komai ba.

Na riga na ga abin da wannan ke nufi. Wata rana da azahar mai riƙe da makullin maganin ta makara, aka yi jinkirin kusan sa'a biyu. Ina tsaye a ƙafar gadon. Inna, matar da ƙayar kifi ta taɓa huda mata tafin hannu ta zare ta ci gaba da aiki, na gan ta ta cusa bakin zane a baki tana cizo, gumi na zuba, ƙafafunta na karkarwa. Ba ta yi kuka ba saboda ina wurin. Sai da na gane haka na fita da gudu, don ta samu ta yi nishi.

To ga inda na tsaya. In na bar ta a asibiti za ta mutu ba zafi, amma a cikin baƙi, tana kallon bangon da ba nata ba. In na kai ta ɗakinta, zan kai ta ne ta ciji zane har ranta ya fita. Kuma ni ne zan zaɓa, ni da ba ta taɓa gaya wa ko tana son gishiri a miya ba.

Kwana huɗu ina yawo. Na bar motata na hau babur ɗin kabu-kabu don ya fi sauri, daga wannan ofis zuwa wancan. Duk wanda na sani a gwamnati na je masa, har waɗanda muka yi shekaru ba ma gaisawa. Kowa ya tausaya mini, kowa ya ce Allah ya ba ta lafiya, kowa ya nuna mini wata ƙofar. Ni da nake tura mutane su dawo gobe, sai ga ni ana ce mini in dawo gobe, kuma da irin muryar da nake amfani da ita. Abinci ya daina shiga. Matata ta ce ina magana ni kaɗai a kan sallaya.

Ran Lahadi na ji sanarwar a rediyo. An kafa kwamiti, za a zauna da jama'a ran Litinin a wani zaure kusa da Gesse, a ji ra'ayinsu a kan yadda ya kamata a kula da marasa lafiyar da ba a sa ran tashinsu. Ba don kishin ƙasa na je ba, kada wani ya yaba mini. Na lissafa cewa manyan da na kwana huɗu ina nema za su taru a tebur guda, ba sakatariyar da za ta tare ni. Sa hannun mutum ɗaya nake nema, in karɓi kwalbar magani in wuce Argungu.

Zauren bai cika ba. An jera kujerun roba, fanka biyu ke aiki. Shugaban kwamitin, wani dattijon likita mai farin gemu, ya tashi ya yi bayani cewa su ba su zo yanke hukunci ba, sun zo saurare ne, za a haɗa rahoto a miƙa sama, daga nan a duba yiwuwar gyara tsari. Na san tsawon wannan hanyar, ni ke share ta. Inna ba ta da wata guda, su kuma suna maganar rahoto.

Na miƙe zan fita sai aka ba wani manomin shinkafa daga Zauro abin magana. Bai san yadda ake riƙe shi ba, ya riƙe shi nesa da baki kamar zai cije shi. Ya ce shi matarsa ta rasu bara, a gida, saboda ita ta roƙa a mai da ta. Kwana tara ana jin ihunta har gida na uku, yaransu aka kwashe aka kai gidan ƙanensa. Ya ce bai zo neman komai ba, tasa ta riga ta wuce, ya baro gona ne ya zo ya faɗa don kada a ce ba wanda ya faɗa. Ya miƙa abin maganar ya zauna. Na duba zauren sosai a karon farko. Ban ga fuskar 'yan cin taro ba, waɗanda na saba gani suna jiran lemo. Kowa a wurin akwai wanda ya binne, ko wanda yake shirin binnewa.

Wani malami ya yi magana a kan cewa rai na Allah ne, ba mai ikon gaggauta shi, amma rage wa bawa azaba ba laifi ba ne. Wata tsohuwar nas ta ce a ƙauyuka akwai ma'aikatan lafiya da za a iya damƙa wa maganin su riƙa kaiwa gida-gida. Wani ya tashi ya ce in aka saki maganin nan matasa za su ƙare, shi ɗansa ya lalace a kan irinsa, aka yi ta musu. Shi ma da gaskiyarsa, na tsane shi a lokacin amma da gaskiyarsa.

Da aka zo kaina na yi niyyar in roƙi kwalba ɗaya kawai. Sai bakina ya kama wata hanya. Na ce ni ɗan fari ne, uwata na kwance a asibiti, kuma takardarku ta zaɓi mutumin da ba ta yi wa magana ta ce shi ne bakinta. Na ba su labarin wancan da mutumin Birni. Aka yi dariya, domin rabin zauren sun san abin a gidajensu. Na ce mako uku tana roƙon a kai ta gida ta bakin ƙanwata, ana ce wa ƙanwata ta kira ni, ni kuma ina tsoron bakin mutane. Dariyar ta tsaya. Wata dattijuwa a layin mata ta ce, ba tare da an ba ta izini ba, ita ma haka take da nata ɗan farin, kuma yau ta fara jin tsoro.

Ina magana ina kallon sakataren kwamitin. Layi ɗaya ya rubuta ya ajiye biro. Na san wannan layin, na sha rubuta irinsa. Na ce a gafarce ni, ya karanta mini abin da ya rubuta. Ya duba shugaba, shugaba ya ɗaga masa kai. Ya karanta cewa wani mahalarci ya ba da shawarar a inganta hulɗa tsakanin ma'aikatan lafiya da iyalai. Raina ya ɓaci. Na ce ban faɗi haka ba, ya soke. Na tsaya a kansa na yi masa shifta kamar ɗan aji uku: a tambayi mara lafiya da kansa wa yake so ya yi magana a madadinsa, kada a ɗauka babban ɗa ne. Kuma in ya zaɓi ya mutu a ɗakinsa, maganin zafi ya bi shi can. Ya rubuta, na sa ya maimaita.

Da aka tashi na tare shugaban a bakin motarsa, na riƙe masa ƙofa kamar mai bara. Ya saurare ni. Ya ce ba ya alkawari, amma in same shi a ofis ran Laraba da safe, zai ga ko akwai wata hanya da za a bi ta asibitin da ke kusa da gidanmu na Argungu. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu, don ba ni da wata.

Da la'asar na isa asibiti. Ashe ƙanwata ta gaya wa Inna komai, har da zancen maganin da ba a fita da shi, har da inda na je. Na tsaya a ƙafar gado na yi gaisuwa yadda na saba, ina jiran bango ya amsa. Sai Inna ta dafa ƙarfen gado ta juyo. Ta ɗauki lokaci kafin ta gama juyowa. Ta dube ni, ni, a ido. Sai a ranar na san idanunta irin nawa ne.

"Ka maishe ni ɗakina," in ji ta. "Zahin ba komi na ba, ni ka jin shi, ba kai ba. Na iya."

Shekara arba'in da bakwai ina jiran matar nan ta yi mini magana. Na durƙusa a wurin, na rasa inda zan sa idona. Da na ce to, da a yammacin nan mun kama hanya, kafin magariba muna Argungu. Amma na tuna zanen da ta ciza, na tuna manomin Zauro da kwana taransa, na tuna dattijon da ya ce Laraba. Na ga kamar zan iya samar mata duka biyun, ɗakinta da barcinta.

"Inna, ki ba ni kwana uku," na ce. "Ran Alhamis in kai ki, da maganinki, in Allah ya so."

Ta koma ta fuskanci bango, ƙanwata ta gyara mata zane.

Ran Laraba tun kafin a buɗe ofis ina kan bencin ƙofar shugaban kwamitin. Aka ce yana hanya. Hantsi ya yi, aka ce ya biya wani wuri. Ina zaune da takardun Inna a kan cinya wayata ta yi ƙara, na ga ƙanwata ce, na kuma san ba ta kira na da hantsi. Ban tuna yadda na sauko daga benen ofishin ba.

Na kai ta gida a ranar, kwana ɗaya kafin alkawari. Ta bi ta fadamar Zauro a kwance, a rufe. Aminiyarta ta riga ta share ɗakin tun Talata, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kunna turare, domin an aika mata cewa Alhamis za a zo. Ita ta yi wankan, wannan kaɗai aka cika. Idon kuwa wata nas ce da ba ta san ko sunan unguwarmu ba ta rufe shi.

Tun daga nan ba taron da aka kira a kan wannan magana ban je ba, a Birni ko a Argungu. Ina zama kusa da sakatare, ko wane ne, in sa ido a kan bironsa. Sun san ni, wasu na gudun kujerar da ke kusa da ni. Rahoton farko ya tafi sama, ban san a teburin wa yake barci ba, kuma da na raka wani maƙwabci asibiti kwanan baya na ji an fito ana tambaya wane ne babba. Ba na zuwa don ina da tabbacin za a gyara. Ina zuwa ne don in na zauna a gida ba abin da nake ji sai muryarta, kuma a zauren nan ne kawai faɗin abin da na yi zai iya amfanar wani.

Sai bayan sadakar bakwai ƙanwata ta gaya mini sauran. Ta ce ran Talata, da ta ga numfashin Inna ya canza, ta ce mata bari ta nemo mota su gudu kawai, ba sai an jira ni ba, ita za ta san yadda za ta yi da masu takarda. Inna ta hana ta.

"Ki bari," in ji ta. "Tunda yac ce Alhamis, Alhamis ta. Mutumin Birni ba shi ƙarya."

Ban san inda ta samo wannan shaidar ba. Shi ne alkawari na farko da na taɓa yi mata.